Fitilar Murjani

Mahaifina Basarke ne.
Ya ƙare ransa yana bin Kwara da dare,
fitilar ƙwai a goshin jirgi,
yana yaudarar kifi da haske.
Ni kuwa, ɗansa da ya daɗe a bakin tekun Ikko,
na dawo Yelwa da akwatin gilashi,
da buhun gishirin da ba a miya da shi,
da wasu 'yan rassa uku a ƙulle cikin leda,
masu rai, ko da yake ba sa motsi.

Kakata Hajo ta leƙa, ta taɓe baki:
"Wanga ne murjani?
Nawa ja ne, yana can ƙasan adaka,
shekara hamsin bai nemi ci ba, bai nemi sha ba."
Na ce, Hajo, naki ya daɗe da mutuwa.
Wannan haske yake ci.
Akwai wasu baƙi a cikin tsokarsa,
ƙanana, ido ba ya ganinsu,
su ke tuƙa masa tuwo da hasken rana,
shi kuma ya ba su ɗaki.

Na nufi kasuwa, rumfar Tunau mai kayan wuta.
"Mi kaka nema?"
Na ce fitilar da za ta ciyar da dutse.
Ya dube ni, ya dubi yaronsa,
sannan ya sauko da wata fara fat,
irin ta gidan mai.
"Wagga, ko allura ta faɗi sai ka gan ta."

Kwana tara.
Reshen tsakiya ya soma koɗewa daga sama,
kamar atamfar da aka manta a kan igiya.
Baƙin nan sun kwashe kayansu sun fice,
suka bar ƙashi tsirara.
Ruwa ya ɗau zafi, gansakuka ta cinye gilashi.
Na zauna gabansa har kiran assalatu,
ina jin kunyar abin da ba shi da ido.

Can na tuna ranar da na yi nutso a teku:
ja ne ya fara barina,
sai ruwan ɗorawa ya bi shi,
shuɗi kaɗai ya raka ni ƙasa.
Ashe ruwa rariya ne, yana tace rana,
ni kuma na juye musu ita da tsakinta.

Na aika Ikko, aka sako mini shuɗiya
a motar da ke biyowa ta Kwantagora.
Kuɗin rago guda, har da canji.
Na rataye ta taƙi biyu sama da ruwa,
na kunna sulusinta kawai,
kowace Juma'a in ƙara kaɗan,
yadda ake ba mai jinya kunu.
Mai rassa na ɗora a kan dutse, kusa da ita,
mai taushi na saukar gindi, inda inuwa take.
Awa takwas, sai duhu.
Su ma suna da dare.

Nepa ba ta san da wannan alkawari ba,
don haka babur ɗina ya koma faranti biyu a kan kwano
da batir mai nauyin ɗan maraƙi.

Yanzu bayan isha'i ɗakin yakan zama baba,
yaran unguwa na rantsuwa ina kiwon aljanu.
Jiya Hajo ta shigo, tana jan sanda,
ta buɗe tafin hannunta ƙarƙashin fitilar.
Murjaninta ya koma baƙi ƙirin.
Nawa, a cikin ruwa, yana ci da koriyar wuta.
Ta daɗe tana kallo,
ta ƙulle kayanta a bakin zane.
"Nawa na rana ne," ta ce, ta fita.

Farin reshen yana nan, ban cire shi ba.
Amma a gefensa, da safen nan,
na ga sabon tsiro
bai fi ƙwayar shinkafa ba.